Mayar wa Toyota Yaris ta 2008 da gejin da kamfani bai sa mata ba: rahoton aiki

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Motar da aka kawo Toyota Yaris ce ƙirar 2008, 'yar Kwatano, mai injin 1NZ-FE na lita 1.5, kuma yawancin zirga-zirgarta tsakanin Kano da Zariya ne. A dashbod ɗinta akwai ma'aunin gudu da na fetur, amma babu allurar zafin ruwa ko kaɗan. Fitila biyu aka sa a madadinta, ɗaya tana kamawa idan inji na da sanyi, ɗayar ja ce, sai ya ɗau zafi take kamawa. Baƙin mai fitila ce, caji ma fitila. Ba lalacewa ba ce, haka kamfani ya ƙera ta, kuma haka Honda Fit ta wancan lokacin take.

Abin da aka sa a gaba shi ne direba ya riƙa ganin lamba uku yana cikin tafiya: zafin ruwa, matsin baƙin mai, da ƙarfin wutar caji. Sharaɗi biyu ne. Ba za a yanke wayar mota ta asali ko guda ba, kuma fitilun kamfani za su ci gaba da aikinsu.

A Peugeot 504, wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, allurar zafi tana da wayarta ita kaɗai daga jikin inji zuwa dashbod, ma'aunin gudu kuma kebul ne ke juya shi daga giyabos. Abin da inji ya ji shi allura ke nunawa. A Yaris sensa ce ke kai labari ga ƙwaƙwalwar inji, wadda kanikawa ke kira birenbos, ita kuma ta tura shi ta waya biyu na tsarin CAN, wanda kamfanin Bosch ya fito da shi a 1986, zuwa ga dashbod. Dashbod ɗin shi ma yana da tasa 'yar ƙwaƙwalwar, ita ke yanke abin da direba zai gani. Ke nan lambar zafin ruwa tana nan a cikin motar kowane daƙiƙa, nunawa ce ba a yi.

Laraba, 9 ga Afrilu

An fara da soket ɗin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari, inda ake soka na'urar da ke karanta bayanan ƙwaƙwalwar inji. Ƙafa 16 gare shi. Ta 6 da ta 14 su ne na CAN, ta 4 da ta 5 at ne, wato hanyar da wuta ke komawa batir ta jikin mota, ta 16 kuma wutar batir ce kai tsaye. Doka ta wajabta wannan soket a motocin Amurka tun 1996, a motocin fetur na Turai tun 2001, kuma daga 2008 Amurka ta ce dole ya yi magana da harshen CAN.

Kafin a soka komai, aka cire kan batir aka auna tsakanin ƙafa ta 6 da ta 14, mita ta nuna om 60. Haka ya kamata, domin resista biyu ne na om 120, ɗaya a kowane ƙarshen layin. Wannan awon ya yi rana nan take. Cikin na'urorin karatu biyu masu ɗauke da sunan ELM327 da aka gwada, ɗaya da aka soka ta sai awon ya sauko om 40, alamar tana da nata resistan na 120 a ciki. Irin wannan tana iya dagula saƙon da ke yawo a layin har fitilun dashbod su riƙa kamawa babu dalili. Aka ajiye ta gefe.

Na'urar karatu da lambobi take yi wa ƙwaƙwalwa tambaya, kuma tambayar zafin ruwa ita ce 01 05. Amsar da ƙwaƙwalwa ta bayar bayan tafiyar kilomita 20 ita ce 41 05 6A. Lambar ƙarshe, 6A, a lissafinmu na yau da kullum 106 ce, a cire 40, saura digiri 66 a ma'aunin Salshiyos. A zafin Afrilu na Kano, da rana tsaka, injin da ya kamata ya zauna sama da 80 yana yawo a 66. Da aka buɗe bonet sai dalili ya fito: fankar lagireto tana juyawa da zarar an murɗa makulli, an ja mata waya kai tsaye. Da aka kwance bakin tiyon ƙasa, gidan tamosta, wato bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto har inji ya ɗumi, fanko ne.

Wannan aiki ya zama ruwan dare a garejojinmu, da sunan wai tamosta ta ƙasar sanyi ce. Illarsa ba ta fitowa a motar da ba ta da allura. Fitilar sanyi ta mutu, ja ba ta kama ba, mai mota ya ɗauka lafiya lau. Alhali ƙwaƙwalwa tana ƙara fetur muddin tana ganin inji bai gama ɗumi ba, tururin ruwa da fetur ɗin da ke sauka cikin baƙin mai ba sa ƙonewa su fita, datti ya taru, silinda ta ci da wuri. An kuma tarar da lambar kuskure P0128 a ajiye, wadda ma'anarta ke nan: ruwa bai kai zafin da tamosta ya kamata ta riƙe ba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Babu amfanin sa geji a kan injin da ba ya kan ƙa'idarsa, don haka yau gyaran sanyaya aka yi. Sabuwar tamosta mai buɗewa tsakanin digiri 80 da 84, tare da robarta. An gwada ta a tukunyar ruwan zafi da ma'auni kafin a ɗaura, ta fara buɗewa a 82. Wajen ɗaurawa, ɗan bawul ɗin da ke gefenta mai kaɗawa dole ya kalli sama, ta nan iska ke fita. Idan ya kalli ƙasa iska ta maƙale a bayanta, ta ƙi jin zafin ruwa, inji ya tafasa da sabuwar tamosta a ciki, daga nan kuma a ce ai ga shi nan, tamosta ce ke kawo zafi.

An cire wayar da aka ja wa fanka, aka mayar da ita kan rile ɗinta. Murfin lagireto robarsa ta tsage, aka sauya da mai riƙe matsin bar 1.1. Mutane na raina murfin nan. A tudun Kano ruwa zalla yana tafasa wajen digiri 98 idan babu matsi, amma da murfi mai riƙe bar 1.1 sai ya kai kusan 120 kafin ya tafasa. Motar da ke tafasa a goslo sau da yawa murfi ne, ba tamosta ba. An wanke ruwan rijiyar da ke ciki mai tsatsa, aka zuba ruwan sanyaya mai launin hoda, ya ci ƙasa da lita 5 kaɗan.

Ita kanta sensar zafin an auna ta. Ƙa'idar Toyota ita ce om 2,320 zuwa 2,590 a digiri 20, da om 310 zuwa 326 a digiri 80. Awonta yana cikin ƙa'idar.

Tunda an cire soket ɗinta, aka yi amfani da damar aka sa resista mai murɗawa a madadinta, makulli a buɗe, inji a kashe, ana murɗawa a hankali ana kallon lamba a na'ura da fitilu a dashbod. Fitilar sanyi ta mutu kafin lamba ta kai 60. Ja ba ta kama ba sai da aka haura 115. Tsakanin nan akwai tazarar sama da digiri 55 wadda direba ba ya ganin komai, kuma a cikinta ne 66 na ranar Laraba yake, a cikinta ne 110 na fankar da ta mutu yake. Kan silindar injin nan alminiyam ne, ba ya haƙuri da zafi kamar ƙarfen injinan da. Bayan gwajin an goge lambobin kuskuren da ya haifar.

Yanzu a sulo lamba tana hawa har 96, fanka ta tashi, ta sauko ƙasa kaɗan, fanka ta tsaya. A kan titi tana zama 84 zuwa 88.

Talata, 15 ga Afrilu

Baƙin mai shi ne mai wuyar. Zafi da wuta ana roƙonsu daga ƙwaƙwalwa, amma matsin mai ita ma ba ta san shi ba. Abin da ke jikin injin maɓalli ne mai waya ɗaya, ko a buɗe ko a rufe, kuma ba ya kunna fitila sai matsi ya faɗi ƙasa da kimanin bar 0.3. A sulo wannan yana da ma'ana. A gudun kilomita 100, inda inji ke bukatar fiye da haka ninki biyar, kamawar fitilar ihu ne bayan hari, metal ya riga ya ci. Injin da matsinsa ya sauko bar 0.8 a kan babban titi yana kan hanyar bugawa, dashbod kuwa shiru.

An fara da gejin gwaji na hannu a ramin maɓallin. A nan akwai tarkon da ke fasa bulok. Tiredin ramin Toyota 1/8 BSPT ne, mai haƙori 28 a inci. Yawancin sensocin kasuwa 1/8 NPT ne, mai haƙori 27. Da ido ba a bambance su, kuma na NPT yana shiga zagaye biyu ko uku lami lafiya kafin ya cije. Wanda ya ɗauko sifana ya ƙarasa da ƙarfi, ko dai ya cinye tiredin ko ya tsaga alminiyam ɗin. Sai da adafta mai BSPT a gefen inji. An samo ta a Kofar Ruwa, an tabbatar da ita da ma'aunin tiredi kafin a biya.

Littafin gyara ya ce a sulo kada matsi ya gaza bar 0.29, a juyin inji 3,000 a minti kuma ya kasance tsakanin 1.5 da 5.5, inji da zafinsa. Da man 20W-50 da aka tarar a ciki an samu 1.4 a sulo. Aka yi juye da 5W-30, lita 3.7 har da filta, aka samu 0.9 a sulo da 3.4 a juyi 3,000. Mai motar ya so a koma mai kauri tunda lambarsa ta fi girma. Ba mu goyi bayan haka ba. Matsi yana nuna yadda mai ke shan wuyar wucewa ne, ba yawan wanda ya isa wurin ba, kuma injin nan yana da VVT-i, wanda da baƙin mai yake juya kamshaf ta wani bawul mai 'yar mitsitsiyar rariya. Mai kauri da safe yana jinkirin isa can. Lamba 0.9 ta ninka mafi ƙarancin ƙa'ida sau uku.

Asabar, 19 ga Afrilu

An ɗaura gejin dindindin. Sensar mai waya uku ce, ɗaya bolt 5, ɗaya at, ɗaya saƙo, tana ba da bolt 0.5 idan babu matsi da 4.5 a bar 10. Kowane bar ɗaya bolt 0.4 ke nan, don haka 0.9 ya kamata ya ba da 0.86 a mita, 3.4 ya ba da 1.86. An auna, sun yi daidai da gejin hannu.

Ba a ɗaura mahaɗar mai baki uku a jikin bulok kai tsaye ba. Idan aka jera adafta da mahaɗa da maɓalli da sensa a rami ɗaya, nauyinsu da girgizar inji suna karya tagullar daga gindi, kuma famfo zai zubar da lita 3.7 a titi cikin ɗan lokaci kaɗan. An sa tiyon matsi mai saƙar ƙarfe, tsawon santimita 40, daga bulok zuwa jikin mota, can aka ɗaure mahaɗar da maɓallin kamfani da sabuwar sensa. Tunda maɓallin ta jikinsa yake samun at, an ja wa mahaɗar waya zuwa inji, in ba haka ba fitilar baƙin mai ba za ta sake kamawa ba har abada. An tabbatar: makulli a buɗe tana kamawa, inji ya tashi ta mutu. A tiredi man liƙi na ruwa aka shafa kaɗan, aka bar haƙoran farko biyu, ba farin tef ba, don guntunsa na iya shiga hanyar mai.

Takardar da ta zo da gejin ta ce a haɗa at ɗinsa a kowane ƙarfe na kusa. Da aka gwada shi a ƙarfen bayan dashbod, duk lokacin da fanka ta tashi allura sai ta motsa da kusan bar 0.3. Mita ta nuna bambancin bolt 0.12 tsakanin wannan ƙarfen da jikin inji idan fanka na ja. A fitila wannan ba komai ba ne, amma a sensar da bolt 0.4 ke nufin bar guda, babban kuskure ne. Aka haɗa at ɗin geji da na sensa wuri ɗaya, aka kankare tsatsar wayar at da ke tsakanin inji da bodi, allura ta tsaya cak.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Ƙaramin allon da aka sa don karanta zafi da wuta daga OBD yana aiki, sai dai ba ya barci. Ƙafa ta 16 ba ta bin makulli. Mota a kulle, ita kaɗai tana jan miliamfiya 20, da allon a soke 60. A kwana ɗaya amfiya-awa 1.4 ke nan, a mako biyu kusan 20, wajen rabin ƙaramin batirin da ke motar. Maganin: aka sa gajeriyar wayar ƙari tsakanin soket da allo, a jikinta aka yanke ta 16, aka ba ta wuta daga fiyus ɗin da ke bin makulli, da nata fiyus na amfiya 3. Wayar mota ba a taɓa ta ba.

Caji a sulo 14.1, da fitilu da esi da fanka 13.6, duka cikin ƙa'idar 13.2 zuwa 14.8. A motar nan lambar wuta ta fi muhimmanci fiye da a motocin da, saboda sitiyarinta na lantarki ne, totur ɗinta ma babu kebul, sensa ce a ƙafa da ɗan moto a maƙogwaron inji. Altanetar da ta fara rauni tana iya ba da 12.8 ba tare da fitilar batir ta kama ba, sai direba ya ji sitiyari ya yi nauyi a kwana. Mai motar ya tambayi ma'aunin amfiya irin na tsofaffin motoci mai allura a tsakiya. Ba za a sa ba. Irin wancan sai duk wutar caji ta ratsa ta bayan dashbod da waya mai kauri, abin da aka iya jurewa a zamanin dainamo, amma da altaneta ta karɓi wuri daga shekarun 1960 wutar ta yi yawa, haɗarin gobara ya sa aka bar shi.

Talata, 29 ga Afrilu

Gwajin hanya zuwa Zariya da dawowa, esi a kunne. Zafi 86 zuwa 90 a gudu, 97 a cunkoson shiga gari. Mai 3.2 zuwa 3.5 a gudu, 0.8 a sulo bayan doguwar tafiya. Babu ɗigo a mahaɗa.

Don kwatanci an soka allon a wata mota mai allurar zafi ta kamfani. Lamba ta tashi daga 80 zuwa 100, allura ba ta gusa daga tsakiya ba. Da gangan ake tsara su haka a motoci da yawa, don kada mai mota ya ga allura na hawa da sauka ya koma wurin dillali da ƙorafi. Abin ya daɗe. Mazda MX-5 tana da gejin mai na gaske har 1994, daga 1995 aka mayar da shi maɓalli mai allura, kuma Ford ta yi irin haka a motocinta da dama, inda allura ke tsayawa wuri ɗaya muddin akwai ɗan matsi. A ganinmu wannan ya fi rashin geji muni, domin mai Yaris ya san ba a gaya masa komai, mai irin waccan kuwa yana ganin an gaya masa.

Asabar, 3 ga Mayu

Akwai ramin da duk gejin nan uku ba su toshe ba. Sensar zafi ruwa take ji. Idan tiyo ya fashe ruwa ya tsiyaye, sai ta zauna a cikin iska ko tururi, lamba ta ƙi hawa yadda ya kamata, wani lokaci ma ta sauka, alhali kan silinda na gasuwa. Injina da yawa da suka ƙone gaskit a hanya haka suka ƙone, direba yana rantsuwa bai ga ja ba, kuma gaskiya yake faɗa.

Sa ma'auni a robar ajiyar ruwa ba ya magance wannan. Robar ba ta cikin matsi, kuma idan akwai huda a wani wuri inji iska yake zuƙa ta hudar lokacin da yake hucewa, robar ta zauna a cike, lagireto babu ruwa. Don haka a tiyon sama aka yanka aka sa gajeren bututun alminiyam mai ɗauke da tsinken da ke jin taɓawar ruwa. Bututun suna zuwa da faɗin milimita 28, 30, 32 da sauransu, sai an auna cikin tiyon kafin a saya. An zaɓi na'urar ƙararrawa da ke aika wa tsinken wuta mai kai-da-komo, saboda mai miƙaƙƙiyar wuta tana cinye tsinken da lagireto a hankali.

Gwaji da inji a sanyi: aka zuƙe lita ɗaya, aka tayar na ɗan lokaci. Ƙararrawa ta yi kuka, allon zafi yana nuna 41, dashbod bai ce uffan ba. Aka kashe, aka mayar da ruwan, aka fitar da iska.

Asabar, 10 ga Mayu

Matsala ta fito a ƙararrawar ruwa: tana ɗan yin ƙara a kan tudun rage gudu da safe, lokacin da kumfar iska ke wuce tsinken. An sa mata jinkirin daƙiƙa 5, an kuma juya bututun tsinken ya koma gefe maimakon sama. Ana sa ido a kai.

An daidaita iyakokin gargaɗi. Zafi a 105, wuta a ƙasa da 12.8 idan inji na aiki, mai a ƙasa da 0.5. Na man bai gamsar ba tukuna, domin iyaka ɗaya ba ta isa: wadda ta dace da sulo ta yi ƙasa sosai ga gudu. Abin da ake bukata shi ne gargaɗin da ke duba juyin inji, ya yi ƙara idan matsi ya gaza 1.5 alhali juyi ya haura 2,500. Juyin yana samuwa ta tambayar 01 0C, sai dai gejin da allon ba sa magana da juna, sai an sa ƙaramar kwamfuta a tsakani.

Mai motar ya kawo shawarar a haɗa komai a babbar rediyo mai allon taɓawa da yake son sawa. Mun ba shi shawarar a bar gejin mai zagaye na milimita 52 a gefen sitiyari, maɓallin kashe ƙararrawa kuma ya zama na dannawa. Allura ana ganinta da wutsiyar ido, allon taɓawa sai an kalle shi, ga rana tana kashe haskensa, ga jinkirin tashi bayan an kunna mota, daidai lokacin da ake son ganin mai ya hau. Ko a Turai an fara ja da baya: hukumar gwajin lafiyar motoci ta Euro NCAP ta sanar cewa daga 2026 za ta riƙa duba ko sigina, fitilar haɗari, hon, waifa da kiran gaggawa suna da maɓallan hannu kafin mota ta samu tauraro biyar.

Saura aiki biyu: ƙaramar kwamfutar da za ta haɗa juyi da matsi, wadda aka yi odar kayanta, da sake duba mahaɗar mai da tiyonta idan motar ta cika kilomita 1,000 daga ranar ɗaurawa.